Akushin da Ya Koma Cikin Gida

Malam Lawal ya ɗaga hannun yaron sama, ya sake shi. Hannun ya faɗo kan zanen goyo kamar tsumma, yaron bai ko juyo ba. Ya jawo fatar idonsa ƙasa da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya karkata shi wajen hasken taga.

Ɗantani yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Tun da suka shigo ɗakin shan magani na En'e da ke Kiru aka nuna masa benci, amma bai zauna ba. Matarsa Maimuna ce ke zaune riƙe da yaron, kanta a sunkuye cikin mayafi, yayarsa Dije kuma tana gefenta. Da assalatu suka baro ƙauyensu da ke bayan Yako, matan suna karɓa-karɓa a kan jaki, shi yana biye da ƙafa.

"Watansa nawa?" in ji Malam Lawal.

"Takwas ke nan, Malam," Ɗantani ya amsa. "Sunansa Habu. Yana wata biyar ya fara zama. Har gemuna yake kamawa yana dariya. Yau wata biyu ke nan, zaman ya tafi, dariyar ta tafi. Ko kunu ya ƙi, sai mama, ita ma sai an matsa masa. Ga wata karkarwa da hannunsa ke yi in yana kwance."

"Me kuka yi masa?"

"Wanzami ya cire masa beli. An yi rubutu, an yi jiƙo, an yi turare. Biyu muka binne kafin shi, Malam. Ni kuma ka gan ni, ba yaro ba ne."

Malam Lawal mutum ne siriri mai farin gilashi, ya yi shekaru yana aiki a babban asibiti a Kano kafin a turo shi nan, ba ya gaggawar magana. Sai ya bar yaron ya juya wajen uwar.

"Baiwar Allah, buɗe bakinki in ga harshenki."

Maimuna ta dubi mijinta. Ya ɗaga mata kai. Ta buɗe. Ɗantani bai taɓa kallon harshen matarsa ba, yau ma ta gefen ido ya gani. Ja ne wur, ya yi sumul kamar an kankare shi.

"Yana miki zafi in kin ci yaji?"

Ta ɗaga kai.

"Ƙafafunki fa? Kina jin kamar kiyashi na bin su?"

"Ina ji," ta faɗa a hankali.

"Jiri?"

"In na yi daka."

Ɗantani ya dube ta. Ba ta taɓa gaya masa ko ɗaya ba.

"To, yanzu zan tambayi cimarki," in ji Malam Lawal. "Kina samun nama?"

"Alhamdu lillahi, Malam," Ɗantani ya karɓe. Nan kam ya sami abin da zai tsaya a kai. "Ni ba mai hali ba ne, manomin gyaɗa ne. Amma kasuwar Yako ba ta taɓa ci na koma gida babu kashin nama ba, ko yaya yake. Ka tambayi unguwarmu. Miyar gidana sananniya ce."

"Madalla. Ita nake tambaya."

Maimuna ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Baiwar Allah, yaushe rabonki da nama?"

Sai Dije ta gyara zama, ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, bari ni in faɗa, tunda ni ba kunyarsa nake ji ba, ni na goye shi. Yarinyar nan rabonta da tsoka tun kafin ta sami cikin yaron nan."

"Yaya, wace irin magana ce wannan?" in ji Ɗantani. "Naman da nake kawowa fa?"

"Yana cikin akushinka. Duk wanda ka kawo, nan yake tafiya, ka fita da shi ciyayya."

A unguwarsu, kamar kowace unguwa, magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. In an idar da magariba kowa ya ɗauko akushinsa ya kawo ƙofar gidan Malam Balarabe, dattijon unguwa, a jera a kan tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. A nan ake sanin gidan kowa ba tare da an shiga ba. Akushin Ɗantani kuwa shi ake ajiyewa na ƙarshe, don a rufe baki da shi.

"Ai rabona take sa mini," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ta ɗebi nata."

"Wane nata? Ɗan kashin da kake kawowa, in an raba shi biyu me zai fita waje? Ka manta ranar da ka dawo daga ciyayya ka dire akushi a tsakar gida, ka ce ta kunyata ka a gaban mutane, tsoka biyu kamar gidan marayu? Ina zaune a wurin. Tun daga ranar ko romo sai ta tsiyaye maka."

Ya tuna. Da bai tuna ba da ya fi masa sauƙi. Mudi ne, taubashinsa, ya ɗaga tsoka ɗaya ranar nan ya ce a nemo mata 'yar uwa kada kewa ta kashe ta, aka yi dariya. Maganar da ya yi a tsakar gida ba ta wuce numfashi ɗaya ba, washegari ma ya manta da ita. Sai ya ga akushi ya gyaru, ya ɗauka ko ta iya yanka ne.

"Naman jego fa?" in ji Malam Lawal. "Ba a yi mata ƙauri ba?"

"An yi," in ji Dije. "An cika shi da yaji kamar yadda ake yi. Lokacin harshen ya riga ya fara, loma biyu ta yi ta ajiye. 'Yan barka suka ci, saura ya bi akushi."

"Ƙwai?"

"Mai ciki da ƙwai, Malam? Ni da kaina na hana ta. Haka muka taso. Bayan haihuwa kuma na zabbin da ake samu kasuwa ake kai su."

"Nono fa? Ku da ke kusa da Fulani."

Dije ta juya ta zuba wa ƙanenta ido. Dole ya buɗe baki da kansa.

"Shekara uku da ta wuce, shanun da ke gangarawa Falgore suka shiga mini dawa. Raina ya ɓaci, na rantse ƙwaryar nono ba za ta ƙara shiga gidana ba."

"Kai ma ka daina sha ke nan?"

Ɗantani ya murza hularsa. Duk ranar kasuwa yakan zauna a gindin tsamiya a dama masa fura da nono har ya yi gyatsa. Rantsuwar ta gida ce, ba ta kasuwa ba, haka ya riƙa gaya wa kansa. Yanzu da ya zo zai faɗa a fili, sai ya ji maganar ba ta faɗuwa.

Malam Lawal bai matsa ba. Ya buɗe kabad, ya ɗauko ƙaramin kwali, ya zaro wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ruwan ciki ja ne kamar zoɓo.

"Ba ni da abin duba jini a nan, saboda haka ba zan rantse maka ba. Amma na ga irin wannan a Kano, uwa da ɗa tare. Akwai wani sinadari da jiki ke bukata, likitoci suna ce masa bitamin B12, wasu su ce kobalamin. Kaɗan ƙwarai ake bukata, amma da shi jiki ke yin jini, da shi jijiya da ƙwaƙwalwa ke aiki. Babu shi a dawa, babu a gero, babu a wake ko kuka. Ko mutum zai cinye rumbu ba zai same shi ba. Sai a abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono. Hanta ta fi kowanne."

"Amma shi ai ba ya cin nama, Malam. Jariri ne."

"A mama yake samu. Babba yana da ajiya a jikinsa, takan kai shi shekara biyu ko uku kafin ta ƙare. Tata ta ƙare tana ɗauke da shi. Ya zo duniya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, maman da yake sha kuma babu a ciki. Yana ƙoshi, amma abin da zai ɗaga masa wuya ba ya zuwa."

Ya yi wa yaron allura a cinya. Habu ya yi wani ɗan kuka siriri, ya yi shiru. Ya yi wa uwar ma a bayan labule.

"Ku dawo jibi, da kuma bayan nan, har sai na ce ya isa. In an dace, cikin 'yan kwanaki za ka ga ya fara bin ka da ido. Zama da rarrafe sai a hankali, kuma ban san iyakar abin da zai dawo ba, don an daɗe. Amma ka ji ni da kyau, Malam Ɗantani. Kwalin nan shi ke nan gare ni, ban san ranar da wani zai zo ba. In ya ƙare, abin da ta ci shi yaron zai sha. Ka sayi hanta yau. Kada ka ba da saƙo ka fita. Ka tabbata ta shiga bakinta."

A hanyar komawa Ɗantani ya tsaya wajen mahauta ya sayi hantar akuya, aka naɗe masa a ganye, ya riƙe ta a hannu har gida. Ya so ya ce wa Maimuna wani abu, amma ga Yaya a kusa, kuma bai san da wace kalma ake fara irin wannan magana ba. A mararrabar Yako suka wuce wata Bafulatana da jerin ƙore a kanta. Ta gaishe su, matan suka amsa. Shi ya tsura wa wutsiyar jaki ido.

Sun iso bayan la'asar. Dije ta wuce gidanta. Ya miƙa wa Maimuna ƙunshin a ƙofar madafa.

"Wannan taki ce. Kin ji abin da Malam ya ce."

"Na ji."

"Duka."

"To."

Ya koma zaure ya zauna. Sai ya tarar da kansa yana tunanin abin da bai kamata ya dame shi ba a irin wannan rana: yau akushinsa zai fita da tuwo da miyar kuka ba nama, ga shi an san ya je Kiru, an kuma gan shi da ƙunshin ganye. Me Mudi zai ce? Ya kama kansa yana shirya amsa, ya ce mahauta sun tashi, ko ya ce naman ya yi wari. Ɗansa na kwance a ɗaki ba ya iya ɗaga wuya, shi kuma yana nan yana saƙa ƙaryar da zai kai ƙofar gidan Malam Balarabe. Ya tashi ya yi alwala tun lokaci bai yi ba.

Da aka idar da magariba ya shiga ya tarar da akushin a inda ta saba ajiye shi, an rufe da faifai. Ya ɗauka ya fita.

Su shida ne a tabarma. Aka yi masa sannu da hanya, aka tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi, an yi allura. Malam Balarabe ya yi addu'a aka shafa. Aka fara da akushin mai gida, aka bi da na Mudi, wanda miyarsa ta yi ruwa har ana iya ganin gindin kwano.

"Ku yi haƙuri da wannan," in ji Mudi yana lasar yatsa. "Alwala ce muke yi, salla tana gaba. Ɗantani ya je Kiru, na kuma ga ƙunshi. Jawo mana shi nan, ɗan gwaggo, kada ya huce."

Ɗantani ya tura akushin tsakiya, bai ɗaga kai ba. Mudi ya ɗage faifan. Ƙamshi ya bugi kowa.

Hantar ce. An yanka ta ƙanana, an soya da man gyaɗa da albasa, an barbaɗe ta da yaji, an jera a kan tuwon yadda za ta yi kyan gani. Ya ƙirga da ido ba da niyya ba. Babu abin da aka taɓa.

"Allah ya yi wa gidan nan albarka," in ji Malam Balarabe. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu zai raba, kamar yadda ya saba, don shi ne babba.

Tun da Ɗantani ya yi wayo bai taɓa ganin an ɗauke abinci daga gaban mutane ba. Ko maƙiyinka ne ya zo ya tarar ana ci, sai ka matsa masa. Balle dattijon da ya yi masa walicci, ya kuma yi wa 'ya'yansa biyu sallar jana'iza. Wanda ya yi haka, har jikokinsa za a riƙa nunawa. Zuciyarsa ta ce ya bari yau kawai, gobe ya sayi wata ya hana ta fitowa. Sai ya tuna hannun ɗansa da Malam Lawal ya ɗaga ya saki.

Ya sa hannu biyu ya jawo akushin. Yatsun Malam Balarabe suka tsaya a iska.

"Baba, ka gafarce ni. Wannan ba tamu ba ce."

Mudi ya fashe da dariya. "Kai, ɗan gwaggo, wasan ya isa. Yawuna ya riga ya tsinke."

"Ba wasa nake ba." Ya mayar da faifan ya rufe. Namiji ba ya kawo zancen iyalinsa a tabarmar maza, amma ya ga in bai faɗa ba, abin da za a ɗauka ya fi muni. "Magani ce. Malamin asibiti ya ce ciwon yaron nan daga uwarsa ne, rashin nama da nono ne ya cinye mata jini. Shekara biyu duk abin da na kai gida, nan nake kawo shi. Ban sani ba. Ko kuma ban tambaya ba. Abin da kuke yaba mini, rabonta ne."

Malam Balarabe ya janye hannunsa a hankali, ya saukar da hannun rigarsa. Mudi ya tsaya yana kallon kwanon gidansa da aka siɗe. Matarsa ma goyo take yi.

"Tashi ka kai," in ji Malam Balarabe, bai dube shi ba. Ɗantani bai iya gane ko izini ba ne ko kora.

Tsakanin tabarmar da ƙofar gidansa taku arba'in ne ko ƙasa da haka. Bai taɓa yin su da akushi mai nauyi ba.

Ya same ta a ɗaki, ta kunna fitilar aci-bal-bal, yaron na kwance a cinyarta. A gabanta akwai ɗan ƙoƙo da ɓaren tuwo da miya tsiraru. Da ta ga akushin sai ta dafe ƙirji.

"Wani abu ne ya faɗa ciki?"

"Babu abin da ya faɗa."

"Ba su ci ba?"

"Ban bari ba."

"Malam," ta ce, "ka ɗauko daga gabansu? Har da Baba Balarabe? Me za a ce da kai?"

"Na ce miki taki ce."

"Na ga an gan ka da ƙunshin. Na ce yau dai in fitar, gobe na ci. Ban so a yi maka dariya ba."

Ya ajiye akushin a gabanta, ya ɗage faifan, ya ture ƙoƙon gefe. Ta kawar da kai. Shekara goma sha ɗaya suna tare, bai taɓa ganin ta kai loma baki ba, ita ma ba ta taɓa zama ya ci a gabanta ba. Ya san ko zai kwana a tsaye, muddin yana kallonta ba za ta taɓa ba.

"Ba ni shi."

Ta miƙa masa yaron. Ya karɓe shi da hannu biyu, ya tallafe kan da ke lilo, ya je ya zauna a dokin ƙofa ya ba ta baya, fuskarsa na kallon tsakar gida.

"Malam ya ce in tabbata. Ba zan juyo ba. Amma ba zan tashi ba."

Ba ta motsa ba. Daga waje ana jiyo muryoyin mazan ƙasa-ƙasa, babu dariya. Akuya ta yi atishawa a turke. Yaron yana numfashi a ƙirjinsa, ba nauyi kamar ɗan tsako, ɗan yatsansa na karkarwa a kan rigar uban.

"Gobe in mai nono ta zo wucewa, ki kira ta."

"Rantsuwar fa?"

"Ni na yi ta. Ni zan yi azumin kaffara."

Can sai ya ji ƙarar awarwaronta ya taɓa bakin akushi. Ya ji tana tauna a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Sai ta ja iska ta haƙora, ta sake ja, ta laluɓi moɗa ta kurɓi ruwa. Ya tuna harshen da ya gani da safe, ya tuna yajin da aka barbaɗa don bakin mutanen tabarma. Ta huta kaɗan, awarwaron ya sake taɓa akushi.

"Ta gobe kada ki sa mata yaji," ya ce.

"Ba yaji?" ta faɗa da abinci a bakinta. "Ai ba za su iya ci ba."

"Ba su za su ci ba."